Motar da Ba Ta Ƙare Gyara

A gidanmu na Sabon Birni akwai wata tambaya da Inna ta shekara fiye da talatin tana yi, har yau ba a ba ta amsa ba. Duk ranar da ta leƙo ƙofar gida ta ga ƙafafun mutane sun fito daga ƙarƙashin mota, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Yau kuma mi anka samu? Wagga mota yaushe za ta ƙare gyara?" A da Baba take yi wa tambayar. Da Allah Ya yi masa rasuwa muka gaji motar, muka gaji tambayar tare da ita.

Mu uku ne maza a ɗakin Inna: Yaya, da na tsakiya, da Auta. Matanmu kishiya suke kiran motar, kuma ba su yi mata ƙazafi ba. Ta ci kuɗin ankon biki, ta ci na ragon suna sau ɗaya, ta cinye mana yammacin Juma'a da ba su ƙirguwa. Abin da ya fi ba su haushi shi ne, sau da yawa lafiyarta ƙalau. Ta je kasuwa ta dawo, ba ta yi ko tari ba, amma washegari sai a gan mu a gindin darbejiya mun ɗora ta kan duwatsu, mun baje safanu a kan buhu, muna gardamar abin da za a ƙara mata.

Land Rover ce akori-kura, doguwar nan da ake kira 109, cikin waɗanda aka ƙera a Ingila tsakanin 1971 da 1985. Baba ya fara da karen mota, ya zama direban wani, sannan ya haɗa kuɗin albasa da na bijimai biyu ya sayo ta a gwanjon tsofaffin motocin gwamnati a Sakkwato. Yau in aka ce mu nuna abin da ya rage na asali a jikinta, ba zai wuce uku ba: gangar jikin alminiyo da ba ta tsatsa, da lambar da aka buga a casis, da 'yan sandunan giya biyu da ke gefen ƙafar direba, mai jan kai da mai ɗorawar kai. In ka danna mai ɗorawa, tayoyi huɗu duka su kama aiki. In ka jawo ja, motar ta koma tafiyar kunkuru da ƙarfin raƙumi. Sauran kayan cikinta kuwa kowanne da garin da ya fito da ranar da ya shigo.

Wanda bai san gabashin Sakkwato ba zai ɗauka rigima ce kawai. Kwalta ta taso daga birni ta biyo ta Achida da Goronyo ta iso Sabon Birni, ta wuce Isa da Shinkafi. Amma abincinmu yana can inda kwaltar ba ta kai ba, a ƙauyukan da ke bayan Gatawa da Tsamaye da Kurawa, da na can gefen Tozai da Gebe, har zuwa bakin iyakar Nijar. Gero da dawa da wake da albasa da tattasai daga can suke fitowa, kuma buhu ba ya kai kansa kasuwa. Ƙasar kuma iri uku ce a tafiya guda. Akwai jigawa mai rairayin da ke haɗiye taya da rani. Akwai fadama mai laka da ke riƙe mota kamar danƙo da damina. Akwai kuma ruwa, domin a yankinmu ne Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ke taruwa su zama Gulbin Rima, ko wanne da 'ya'yan ƙoramunsa da ke cika cikin dare ba sallama. Baturen da ya zana motar nan ya yi ƙoƙari, amma bai taɓa ɗaukar buhu ashirin na albasa da mata goma sha biyu da akuya ya tunkari maƙetarar gulbi a watan Agusta ba.

Saboda haka kusan duk abin da aka ƙara mata tarihin wata rana ce da ta kunyata mu. Sifirin shi ne na farko. Fallayen ƙarfe ne da aka jera kan juna a bayan kowace taya, su ke ɗauke da nauyi. Na asali sun kwanta tun shekarar farko, har bodi yana gugar taya in an yi lodi. Baba ya samo fallayen wata Canter da ta mutu, ya sa aka yanka, aka huda, aka cusa uku-uku a baya. Daga ranar ta ɗaga ƙugu kamar amarya. In babu kaya, tsalle take yi har haƙoran mutum su haɗu. In an loda mata, sai ta zauna daram.

Bututun da ya hau ta gefen gilashi har saman rufi, wata damina ce ta haife shi. Baba ya shiga ruwan da ya saba shiga, ashe an yi ruwa a can gabas cikin dare. Ruwa ya kai bakin inda inji ke shaƙar iska. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, don haka da fistin ya taso ya tarar da ruwa, sai ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe. Shanu huɗu ne suka jawo ta, ta yi wata biyu a kwance. Da ta tashi, Baba ya ɗauki bututun ruwan famfo ya kai wa mai walda, aka lanƙwasa shi, aka haɗa da matatar iska, aka kifa masa gwangwanin madara a kai saboda ruwan sama. Shekaru da yawa bayan haka Auta ya gani a waya cewa Turawa suna sayar da irin wannan bututun a kwali, da sunansa da farashinsa.

Lagireto ma an sauya shi da na babbar mota, domin a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, ga rairayi, ga ƙaramar giya, sai ruwa ya tafasa kamar na shayi. Sassauta iskar taya kuwa ilimi ne da ba a saye a shago. Kafin a shiga jigawa akan rage iska har tayar ta ɗan baje, ta kwanta a kan yashin maimakon ta tona shi. In an fito sai karen mota ya ɗauko famfon hannu. Dukanmu uku mun yi wannan aikin, kafaɗunmu sun sani.

Babban aikin da muka gani da idonmu shi ne sauya inji. Na asali ya gaji, kayansa sun yi wuya. Aka je Ƙofar Ruwa a Kano aka sayo injin Toyota na hannu, irin wanda ake kira ɗan Beljiyam. Sai dai bakinsa da bakin tsohon giyabos ba su san juna ba. Wani bakanike Bayarabe a Sakkwato ne ya auna, ya sa aka yanka farantin ƙarfe mai kauri da zai shiga tsakaninsu. Kwana tara suna aikin shi da Baba, kullum da tsiyar taubasai. Ya ce wa Baba, "Bagobiri, kai jaki ya dace da kai, me ya kai ka mota?" Baba ya ce, "Yi aikinka, bawana, in ta tashi na 'yanta ka." Ranar da aka murza makulli ta ɗauka, mun ga manyan mutane biyu suna tafawa kamar yara. Tun daga lokacin akwatin kayan aikinmu ya zama gida biyu, safanun inci na Ingila da safanun milimita na Japan, kuma duk yaron da zai koyi motar nan sai ya san wane ƙusa ne na wace ƙasa.

Da a nan abin ya tsaya, da mun ce wa Inna larura ce, ta kyale mu. To amma wace larura ce ta sa aka yi mata fenti kore da ratsin ɗorawa? Wace larura ce ta rataya tuntaye ja a madubi, ta lulluɓe sitiyari da jar fatar dukawan Sakkwato, ta jera fitilu huɗu a saman kariya? Ga odar iska mai murya uku, irin ta manyan motoci, wadda Baba ya yi wata shida yana tara kuɗinta. Ga rubutun da ke bayan bodi, "Sannu ba ta hana zuwa", wanda ya sa har yau a tasha ba a ce motar gidan wane, sai dai a ce Sannu ta iso.

Mun daɗe muna juya wannan a tsakaninmu, kuma kullum sai zancen ya koma kan doki. Ƙasarmu ƙasar dawaki ce. Kufan Alkalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana nan kusa da mu, kuma labaran Bawa Jan Gwarzo da muka tashi da su duk a kan sirdi suke. Kakanmu yana da doki guda. Baba ya ce tsohon yakan kwana yana gyaran kayansa in Sallah ta matso: ya sake ɗinkin jalala, ya goge likkafa da toka, ya sauya igiyar linzami da babu abin da ya same ta. Dokin ba ya ƙara gudu saboda jalala. Amma in ya fito, tun daga nesa an san na wane ne, an kuma san mai shi bai yi sakaci da shi ba. Baba bai gaji dokin ba, fari ya riga ya ci shi. Hannun ne ya gada, da ya samu ƙarfe sai ya ci gaba daga inda tsohon ya tsaya. Shi kansa yana da tsagen Gobirawa a kumatu, kuma yakan ce abin da ba shi da alama na kowa ne.

Odar nan ta fi ado aiki. Kafin waya ta zo, ita ce sanarwa. In Baba ya danna ta daga kan tudu, matan ƙauye sun san su fito da ƙullin kayansu, mai mara lafiya ya san ya fara shirya shi, yara su sheƙo da gudu. Direbobi biyar za su iya bin hanya guda da mota iri guda, amma ba mai ruɗa muryar Sannu da ta wani. Mutum yana son a san shi da aikinsa, a ce wane ba ya makara, motar wane ba ta kwana a daji. Fenti da oda su ne sa hannunsa a kan wannan alkawari.

Wani dare Auta ya zo mana da bidiyo a waya. Wasu mutane ne a Amurka, sun ɗaga motocinsu sama har sai an taka tsani, tayoyi kamar na tarakta, sun tafi neman taɓo da gangan ranar hutu. Aka nuna wasu a Ostareliya da firji da tanti a saman rufi. Muka yi dariya har da hawaye. Yaya ya ce, "Su zo nan da damina, kyauta za mu ba su, har mu ƙara musu da fasinja." Amma da aka nuna wani mai furfura kwance a ƙarƙashin motarsa, ɗansa yana miƙa masa safana, ya fito yana share hannu da tsumma yana kallon aikin da ya yi, sai dariyar ta tsaya. Mun san wannan kallon. Shi ne na Baba ranar da inji ya tashi.

Irin wannan mota ita ke jawo hannu. Ƙananan motocin zamani a rufe suke, komai na cikinsu kwamfuta ce, in sun lalace sai mai na'ura. Akori-kura mai giyar daji kuwa casis ne kamar tsani, komai da ƙusa aka ɗaura shi, abin da aka ɗaura kuma ana iya kwance shi a ɗaura wani. Kamar an ba ka gida an gama gini an bar maka yaɓe. Shi ya sa duk inda ta je sai an sake ta. Masu tseren Dakar, da aka fara daga Paris a ƙarshen 1978 kuma ya sha ratsawa ta Agadas, sun sake ta don gudu a hamada. Sojojin Cadi sun ɗora mata manyan bindigogi a 1987 suka kori tankokin Libiya, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Direbobin Agadas masu shiga Libiya suna kafa sanduna a gefen Hilux don fasinja ya riƙe kada barci ya kayar da shi. Kowa da abin da hanyarsa ta tambaye shi.

Sai dai ba za mu ɓoye abin da wannan son ya jawo mana ba. Shekarar da aka yi wa Yaya aure, mu da kanmu muka ƙara tsawon kariya, muka ƙara falle ɗaya-ɗaya a sifirin, don mu riƙa yin sawu ɗaya a maimakon biyu. Motar ta ɗauka, mu kuma muka ɗauka mun yi dabara. Ranar wata kasuwa, da albasa har sama da mutane a kan albasar, muka zo wata gangara mai kwana. Nauyi ya hau sama, birki na nan yadda Bature ya bar shi. Ta karkata a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa, ta kwanta a gefe. Allah Ya tsare ba a rasa rai ba, amma yaron motarmu ƙafarsa ta shiga ƙarƙashin bodi. Har yau yana ɗingishi. Yana da shagon faci yanzu, mu ne muka kafa masa, kuma kullum muka wuce sai ya ɗaga mana hannu da fara'a, abin da ya fi zagi ciwo.

Da daddare Kawu ya zo, ya zauna a kan tabarma bai karɓi ruwa ba. Ya ce, "Kun ƙara mata baya, ba ku ƙara mata birki ba. Ubanku ya san inda zai tsaya, ku ba ku sani ba." Gaskiya ya faɗa. Sifirin yana ɗaukar nauyi, amma nauyin ba ya ɓacewa. Yana sauka kan aksil, kan casis, kan birki. Mun karya sandar aksil ta baya sau uku kafin mu yarda. Mun yanke kariyar ta koma yadda take. Daga ranar, duk abin da za a ƙara sai an tambayi abin da zai biya kuɗinsa a jikin motar, da kuma wanda zai biya a jikin mutane.

Sannan zamani ya juya. Ba sai mun ba kowa labarin abin da ya sami gabashin Sakkwato ba. A watan Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. A Satumban 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, wadda ta ratsa dajin Gundumi, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya. A Disambar shekarar aka tare motar fasinja a wajen Gidan Bawa, a kan hanyar da muke bi tun muna yara, aka ƙone ta da mutane fiye da 20 a ciki. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, bai dawo da rai ba. Dubban mutanenmu sun tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira.

A waɗannan shekarun gyaran motarmu ya koma da baya. Shekara talatin ana ƙara mata abin da zai sa a gan ta, a ji ta. Yanzu muka shiga cirewa. Fitilun saman kariya suka fara tafiya, domin daga nisan kilomita da yawa ake hango su. Aka sake salansa, aka toshe duk inda take huci, har ta koma magana ƙasa-ƙasa. Koren fenti da ratsin ɗorawa muka shafe da ruwan ƙasa. Maƙwabcinmu mai Hilux ya fi mu shiga uku, domin irin motarsa ce jami'an tsaro ke hawa, kuma daga nesa ba a tambaya. Shi launi mai haske ya nema, ya ɗaura buhunan wofi a baya ko ba shi da kaya, don a san ɗan kasuwa ne.

Tanki na biyu da Baba ya sa a ƙarƙashin bodi, saboda babu gidan mai a inda muke zuwa, shi ma ya zama abin tuhuma. A wani shinge an tsare Yaya tun hantsi har la'asar ana tambayarsa wa yake kai wa mai. Ba mu ga laifin mai tambayar ba, domin baburan da ke kashe mu da fetur suke tafiya, kuma daga gari ake kai shi. Da ya dawo ba wanda ya ce uffan. Washegari muka kwance tankin.

Oda ce ta ƙarshe. Auta ya kwance ta, ya ce zai kai Sakkwato ya sayar, masu tirela za su so ta. Inna tana zaune tana tsince wake, ta ce, "Kawo ta nan." Ya miƙa mata. Ta naɗe ta a tsohon zane ta tura ƙarƙashin gado. Muka ce, "Inna, ke da kike cewa tana hana ki barci?" Ta ce, "Shekara nawa ina aza tukunya da jin ta? In na ji ta daga bakin gulbi, na san ubanku na da rai." Ba ta ƙara ba, ta koma kan wakenta.

Akwai dare guda da ba mu cika ba da labarinsa ba. Saƙo ya zo da baki, tun da babu waya, cewa an shiga ƙauyen da Gwaggo take aure, mutane sun watsu, waɗanda suka rage suna maƙale a wata fadama. Kwalta ba ta biyuwa a wannan lokacin. Muka bi ta baya, ta jigawa, ba fitila, Auta yana tafe a gaba da farar riga muna bin hasken rigar. An rage iskar taya, an jawo jar sanda, tana tafiya kamar mai sanɗa. Mun tarar da su ashirin da wani abu, yawanci mata da yara, da tsoho guda da aka ɗauko a kan ƙofa. Duka suka hau. A maƙetara ruwa ya kai ƙofa, ya shigo har ƙafar direba, bututun famfon Baba da gwangwaninsa suna sama suna shaƙar iska. Fallayen da muka ƙara don kwaɗayin sawu ɗaya, waɗanda suka gurgunta yaron mutane, su ne suka ɗauki wannan lodin ba su kwanta ba. Mun iso gari ana kiran assalatu. Har yau ba mu san yadda za mu haɗa waɗannan lissafin biyu ba, kuma mun daina ƙoƙari.

Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba. Bayan juyin mulkin Nijar a watan Yuli aka rufe iyaka wata da watanni. Gonaki da yawa ba a noma su ba, waɗanda aka noma sai an biya haraji ga mutanen daji kafin a girbe. Kaya suka ragu, mai ya yi tsada, Sannu kuwa ba ta san tsimi ba. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa jikinta, ya yi tayi saboda alminiyon. A kilo zai saye ta.

Yaya ya ce a sayar. Yana da 'ya'ya shida, ya ce rabonsa zai isa ya biya kafin alƙalamin Keke a Sakkwato. Auta ya ce sai dai a sayar da shi tare da ita. Aka yi kwana uku ba a cin abinci a kwano ɗaya. Babu wanda za a ce ya yi kuskure. Yaya yana maganar tuwo ne, kuma tuwo ba wasa ba ne. Abin da Auta ya kasa faɗa da baki, mu duka mun san shi. A garin nan yanzu kusan babu abin da ke hannunmu. Ba mu ke cewa a bi hanya ko kada a bi ba. Ba mu ke sa farashin mai ba. Ba mu san ranar da za a buɗe iyaka ko a rufe ba, ba mu san wanda zai kwana a gidansa ba. Amma in motar nan ta yi wani ƙara da ba mu saba ji ba, muna iya kasa kunne, mu gano shi, mu kwance, mu gyara, mu murza makulli ta amsa. Da safe abu ya lalace, da yamma ya gyaru, kuma hannunmu ne ya yi. Daɗin ke nan, kuma mun fi jin sa yanzu fiye da lokacin da ake zaman lafiya.

A ƙarshe mu biyu muka sayar da filin da ke bayan gari muka biya Yaya rabonsa. Yana Sakkwato yanzu yana jan Keke. Wata uku da fara aikinsa ya turo mana hoto: ya ƙara mata madubi biyu, ya sa labule mai tuntaye, ya rubuta "Ƙanwar Sannu" a baya. Auta ya yi dariya har ya faɗo daga benci.

Sannu tana fita sau biyu a mako, in an ce hanya da sauƙi, kuma ba ta kai la'asar a waje. Juma'ar da ta wuce mun ɗora ta kan duwatsu a gindin darbejiya. Ƙaramin faifan sola muke ɗaura mata a rufi, da wurin cajin waya guda shida a bayan kujera, domin mutanen ƙauye yanzu cajin waya ya fi musu ruwan sanyi, da ita suke jin ko an taho. Babban ɗan Yaya, da aka bar mana shi saboda makaranta, shi ke miƙa safana. Aka ce ya kawo ta sha uku, ya kawo rabin inci, ya tsaya yana gardama wai ai kusan ɗaya ne. Auta ya ce ya gwada ya gani. Ya gwada, ta ƙi shiga, ya koma akwati yana ƙunƙuni.

Nan Inna ta leƙo da buta a hannu. Ta dubi ƙafafun da suka fito daga ƙarƙashin mota, har da ƙanana biyu da ba ta saba gani ba. Ta ce, "Shi ma kun sa shi ciki? Wagga mota dai yaushe za ta ƙare gyara?"

Yaron ya turo kai waje, fuska duk baƙin mai, ya ce, "Inna, saura kaɗan."